Tarin Nan Ba Na Tsufa Ba Ne

A gidajenmu da yawa akwai tsohuwa mai tari. Da asuba ta yi ta tari tana tofar da majina. In ta tafi rijiya ko kasuwa, sai ta tsaya sau biyu ko uku a hanya tana haki. Mu kuwa mukan ce, "Ai tsufa ne." Waɗansu ma su ce sammu ne. Amma sau da yawa ciwo ne mai suna, watau ciwon toshewar huhu mai daɗewa. Likitoci suna kiransa COPD a taƙaice.

Ba ƙaramin ciwo ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 ya kashe mutum wajen miliyan 3 da rabi, ya zama na huɗu cikin cututtukan da suka fi kisa a duniya.

Me ke kawo shi? Hayaƙi ne babban mafarinsa. A ƙasashen Turai taba sigari ce ta fi jawo shi. A wurinmu kuwa akwai sigari, akwai kuma murhu. Mu ɗaga ido mu dubi rufin ɗakin girki, mu ga yadda kunkunniya ta baƙanta shi. Hayaƙin itace, da na kara, da na kashin shanu da ya yi wa rufi haka, shi ne iyayenmu mata suke shaƙa shekara 30 ko 40, sau da yawa da goyo a baya. Ƙurar sussuka, da ta injin niƙa, da ta fasa dutse ita ma takan taimaka masa.

Huhu kamar zugazugin maƙeri yake. Hayaƙi yakan sa hanyoyin iska su kumbura, su ƙuntata, su cika da majina. Ƙananan jakunkunan iska kuma su saki kamar tsohuwar fata. Sai iska ta shiga, fitarta ta zama aiki. Ɓarnar takan zo a hankali, galibi ba ta bayyana sai mutum ya wuce shekara 40.

Ciwon nan ba tarin fuka ba ne, ba a kuwa ɗaukarsa daga wani. Kada mu ware wa mai shi kwano ko ɗaki. Duk da haka, tarin da ya wuce mako 2 sai a kai shi asibiti, gama likita ne zai bambanta. A manyan asibitoci akwai na'urar da mutum zai hura wa iska da ƙarfi, ta auna ƙarfin huhunsa.

Abin da ya riga ya lalace a huhu ba ya komawa yadda yake. Amma ana iya rage saurin ɓarnar. Akwai maganin shaƙa mai buɗe hanyoyin iska, akwai allurar rigakafin mura da ta ciwon haƙarƙari. Tafiya kaɗan kaɗan kowace rana ta fi kwanciya amfani.

To, maigida, ga naka aiki. Ka huda wa ɗakin girki taga biyu masu duban juna, ko ka kafa rumfa a tsakar gida. Ka kawo busasshen itace, gama ɗanye ya fi hayaƙi. In da hali, ka sayi murhu mai rage hayaƙi ko na gas. Da hunturu kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Mai shan sigari ya bari yau, samari kuma su sani shisha ma taba ce. Uwargida, in ana hura wuta, ki ba wani ya riƙe miki jariri a waje.

Tun shekarar 2002 ake keɓe rana guda a watan Nuwamba domin faɗakarwa a kan ciwon nan. Mu kada mu jira Nuwamba. Gobe da asuba mu kasa kunne, mu ji wa ke tari a gidanmu.