Garin kulor ko ruwan jabel: wanne ya dace da rijiya, wanne da tulu?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Arewa, damina arziki ce, amma takan zo da nata ciwo. Garuruwanmu da yawa, tun daga Matankari da Dogon Dutsi har Kore Mai Ruwa da Tibiri, suna zaune a kwarin Dallol Mawri, inda ruwa bai da nisa a ƙasa. Wannan ne ya sa gina rijiya ke da sauƙi a wurinmu. Shi ne kuma ya sa ƙazanta ke saurin kai ga ruwan. In aka yi ruwa mai yawa, malale yakan kwaso kashin dabbobi da na mutane ya zuba a rijiyar da ba ta da daɓe ko murfi. Daga nan sai zawo ya kama yara, wani lokaci har cutar amai da zawo, wato kwalara.

Kwalara ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, kuma takan dawo lokaci lokaci. A 2021 ta kama mutum fiye da 5,000 a Nijar, fiye da 150 suka rasu, jihar Doso ma ba ta tsira ba. Babbar hanyarta ita ce ruwan sha. Don haka muka ga ya kamata mu yi bayani a kan kulor, maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta a cikin ruwa.

Iri biyu, aiki guda

Kulor yana zuwa mana a kama biyu. Na farko shi ne ruwan jabel da mata ke wanki da shi. Sunan ya fito daga Javel, wata unguwa ta birnin Paris a Faransa, inda aka fara yin shi fiye da shekara 200 da suka wuce. Na biyu gari ne fari mai tsaki-tsaki, ma'aikatan lafiya na ce masa HTH.

Aikinsu ɗaya ne, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba. A jabel na kanti, kulor bai cika wuce kashi 2 da rabi zuwa 5 cikin 100 ba, sauran ruwa ne. A garin HTH kuwa, kulor ya kai kashi 65 zuwa 70 cikin 100. Ke nan kilo guda na gari yana yin aikin lita 25 na jabel mai kashi 2.6. Wanda ya taɓa ɗauko kaya a amalanke daga Dutsi zuwa ƙauyukan Sukukutan ya san bambancin kilo guda da bido cike.

Bambanci na biyu shi ne ajiya. Zafi da hasken rana suna cinye ƙarfin jabel. Kwalbar da ta yi watanni a tebur tana shan ranar bazara, warinta na nan amma ƙarfinta ya ragu, kuma ido ba ya ganewa. Gari kuwa, in yana cikin mazubinsa a rufe, a inuwa, wurin da babu laima, abin da yake rasawa a shekara kaɗan ne ƙwarai.

Sai dai ƙarfin nan shi ne haɗarinsa. Garin kulor yana ƙona fata da ido, yana cin ƙarfe, yana iya tada gobara. Saboda haka shawararmu ita ce: gari ya zauna a hannun kwamitin ruwa da ma'aikacin tsafta, su auna su jiƙa, su rarraba. Ba a barbaɗa shi kai tsaye a tulu ko randa.

Yadda ake jiƙa garin

Ana fara haɗa abin da ake kira uwar magani, mai ƙarfin kashi 1 cikin 100.

1. A sami bokitin roba da ruwa mai tsabta lita guda. Kada a yi aiki da kwanon ƙarfe.
2. A auna gari giram 15, wato babban cokali guda a shafe, ba tozo.
3. A zuba garin a cikin ruwa, kada a zuba ruwa a kan gari. A yi wannan a fili, a juya wa iska baya.
4. A motsa da icce mai tsabta, a bari farin gurɓin ya kwanta.
5. A tsiyaye na sama a kwalbar roba mai duhu, a rufe, a rubuta suna da ranar haɗawa. Bayan mako guda a sake sabo.

In babu gari, jabel mai kashi 2.6 marar turare yana yi: awo biyu na jabel, awo uku na ruwa. A duba takardar jikin kwalba tukuna, a ga ƙarfinsa da ranar da aka yi shi.

Ruwan sha na gida

A bido mai lita 20 na ruwa garau, a zuba mililita 4 na uwar magani. Sabon sirinji marar allura ya fi komi daidai wajen awo. In bidon mai lita 25 ne, ƙaramin cokalin shayi guda. A girgiza, a rufe, a jira minti 30 kafin a sha. In ruwan mai kanwa ne, a jira awa guda, don kanwa na rage saurin maganin. Bayan jiran, ya kamata a ji ɗan warin kulor kaɗan. Wannan warin shaida ce cewa magani ya ci ƙarfin ƙazanta har ya yi saura.

Kulor ba ya son laka. Ruwa mai gurɓi sai a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta. In har yanzu bai washe ba, a ninka awon sau biyu. Gidan da ya sami ƙwayar Aquatabs ya huta da awo: a bi abin da aka rubuta a takardarta. Mu sani kuma, kulor ba ya cire gishiri ko gubar maganin ƙwari. Bidon da aka taɓa sa maganin feshi a ciki bai dace da ruwan sha ba har abada.

Wankin rijiya

A nan ne gari ya fi jabel nesa ba kusa ba. Rijiyar siminti mai faɗin mita 1.80 tana ɗauke da kusan lita 2,500 a kowane mita na zurfin ruwa. In ruwan ya kai mita 2, wankinta na bukatar gari wajen giram 350. Da jabel kuwa sai an zuba kusan lita 10.

Bayan ambaliya, ko in dabba ta mutu a ciki, sai a yashe rijiya, a goge bangonta, a zuba maganin da aka jiƙa, a rufe ta kwana. Wayewar gari a kwashe ruwan har warin ya ragu. Ruwan da aka kwashe kada a ba dabbobi, kada a ba shukar garka. Ma'aikacin tsafta ne zai auna ya ce an iya sha.

Kada mu ɗauka wankin rijiya sau guda ya gama magana. Cikin kwana guda ko biyu kulor ya tafi. Muddin kowa na jefa gugarsa da igiyar da ta sha ƙasa, ƙazanta za ta dawo. Maganin wannan shi ne daɓe, murfi, guga guda a rataye, da kwamin dabbobi nesa da baki. A gida kuma, tulu a rufe da moɗa guda mai mariƙi.

Abubuwan kiyayewa

Kada a ajiye garin kulor ɗaki guda da takin zamani, kananzir, man inji ko maganin ƙwari. Haɗuwarsu na iya haifar da wuta ko hayaƙi mai guba. Kada a gauraya shi da ruwan batir ko wani maganin wanki. A ɓoye shi daga yara, kuma kada a sa uwar magani a kwalbar lemo. In ya faɗa ido, a wanke da ruwa mai yawa minti 15. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, a garzaya da shi likita.

Akwai kuma kulor da ake sayarwa don tafkin wanka na otal-otal a Yamai, wani gari, wani manyan ƙwayoyi. Wasunsu an haɗa su da wasu magunguna da ba na sha ba. Duk abin da aka ƙulla a leda ba suna ba rubutu, mu bar shi a kasuwa.

Ƴan'uwa ɗaliban yaƙi da jahilci, ga inda karatunmu zai yi rana. Mai iya karanta lamba a jikin kwalba da rubuta ranar haɗa magani, shi ya dace ya riƙe ma garinsu wannan aiki. Mu karanta wa waɗanda ba su iya ba, mu kai maganar gaban maigari da kwamitin ruwa tun rijiyoyi ba su gurɓace ba. Rigakafi ya fi magani.