Daga Filafili Zuwa Eliftikal: Abin Da Na Koya Kafin In Zuba Kuɗina

A hutun ƙarshen zangon karatu da ya gabata na je gida Yelwan Yauri, na tarar da kawuna a bakin ruwa yana ɗinkin koma. Ya haura shekara saba'in, amma har gobe shi ke tuƙa kwalekwalensa. Muna hawowa gangaren da bai kai taku ɗari ba sai ya tsaya yana jira na, ni kuwa ina haki kamar wanda ya yi tsere. Ya dube ni ya ce, "Dakta, bokon ne ya cinye maka numfashi?" Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai, domin mako biyu kafin nan likita ya auna jinina ya ga 150 bisa 95, alhali daga 140 bisa 90 ake kiran abin hawan jini. Ya ce in rage gishiri, in rage ƙiba, in motsa jiki. Matsalar ita ce gwiwata ta dama ba ta yarda da gudu.

A nan ne aka ba ni shawarar na'urar da ake kira eliftikal. Mutum yana tsayawa ne a kan matakai biyu, ya riƙe sanduna biyu, ƙafafunsa suna zagayawa a siffar ƙwai ba tare da sun rabu da matakan ba. Saboda ƙafa ba ta dukan ƙasa, gwiwa da ƙugu ba sa shan jijjigar da mai gudu ke sha, ga shi hannuwa ma suna aiki. Kamfanin Precor na Amurka ne ya fito da ita kasuwa a 1995. Mai inganci a cikinta kuɗinta miliyoyin naira ne, wato albashin malamin jami'a na watanni da dama. Wanda zai fitar da irin wannan kuɗi a wannan zamani, wajibi ne ya yi tambaya kafin ya sa hannu a aljihu.

Tambayar farko ba ta na'ura ba ce, ta mai saye ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Masuncin da ke jefa birgi a tafkin Kainji, da Bagungen da ke ban-ruwan albasa, da manomin shinkafa a fadamun Shanga, da matar da ke ɗauko ruwa a ƙauyukan Ngaski, duk suna cika wannan adadi tun kafin mako ya raba. Wanda ya taɓa kallon tseren kwalekwale a bikin Rigata ya san irin ƙirjin da filafili ke ginawa. Masu buƙatar na'ura mu ne da muka bar bakin ruwa muka koma kujera: malamai, ma'aikatan ofis, 'yan kasuwar da ke wuni a shago, da matan aure da ba su cika fita ba. Mun bar aikin iyayenmu, amma ba mu bar tuwonsu ba. Duk wanda gwiwarsa lafiya lau take, kuma yana da hanyar da zai taka bayan sallar Asuba, to ya sayi takalmi mai kyau ya riƙe sauran kuɗinsa.

In kuwa buƙatar ta tabbata, abu na farko da za a duba shi ne tsawon taku. Ƙananan na'urori masu araha takunsu gajere ne, sai mutum ya ji kamar yana tattaka laka a wuri ɗaya. Ga matsakaicin baligi, inci 18 zuwa 20 ne daidai, dogon mutum kuwa kada ya yarda da ƙasa da 20. Idan maigida da uwargida za su yi tarayya a kanta kuma tsayinsu ya bambanta, akwai masu takun da ake ƙarawa ko ragewa. Na biyu shi ne faifan ƙarfen da ke juyawa a ciki. Mai nauyi yana sa tafiya ta yi sumul, mara nauyi yana fizga. A nemi wadda maganaɗisu ke riƙe faifanta, domin babu gogayya, babu ƙara, babu abin da ke cinyewa. Na uku, a karanta iyakar nauyin da aka rubuta za ta iya ɗauka, a zaɓi wadda ta zarce nauyin mafi ƙiba a gidan da tazara mai kyau.

Akwai kuma abubuwan da takardar talla ba za ta gaya maka ba, domin ba don ƙasarmu aka rubuta ta ba. Babba a cikinsu shi ne lantarki. An kammala madatsar Kainji a 1968, ruwanta ya tashi mutane kimanin 44,000 daga garuruwansu da tsibiransu, cikinsu har da kakannin wasunmu, amma duk mazaunin wannan yanki ya san wuta baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta zo, ba ta ban-kwana in za ta tafi. Yawancin na'urorin gida masu tsada sai da wuta suke canza nauyin taku, kuma allonsu ba ya jure hawa da saukar lantarki. Akwai irin waɗanda ake yi domin gidajen motsa jiki, masu ƙaramin janareto a ciki, waɗanda takun mutum ne ke ba su wuta. A wurinmu wannan ya fi babban allo mai nuna duwatsun Turai, wanda wani lokaci sai da intanet da kuɗin wata-wata yake aiki. Wanda ya sayi mai buƙatar wuta, ya haɗa da sitabilaiza.

Sai ƙura. Wasu na'urorin ƙafafunsu suna gudu ne a kan dogo da ƙananan tayoyi, ƙurar hunturu kuwa in ta kwanta a dogon sai ta riƙa cin tayoyin kamar sabulu. Ko dai a zaɓi wadda ba ta da dogo a fili, ko a ɗauki alkawarin gogewa da rufewa kullum. Sai ɗaki. Na'urar tana cin wuri kusan mita biyu a tsawo, kuma tana ɗaga mutum sama da kusan rabin mita. Na ga gidan da aka kafa ta daidai ƙarƙashin fanka, Allah ne Ya kiyaye. A auna rufi, a auna ƙofa, a kuma tuna da zafin bazara, a ajiye ta inda iska ke ratsawa.

Na ƙarshe shi ne gyara. Babbar na'ura takan haura kilo 100, kuma daga Legas, ko Abuja, ko Kano za a ɗauko ta, a biyo da ita ta Kontagora ko ta Jega. Idan bel ya tsinke ko allo ya mutu, wa zai zo? A tambayi mai sayarwa, a rubuce, shekara nawa ne garantin ƙarfen, nawa ne na kayan lantarkin, kuma wa zai biya kuɗin motar mai gyara. Wani dillali ya rantse mini cewa tasa ba ta lalacewa. Da jin haka na yi masa sallama.

Ni dai a ƙarshe 'yar kwatano na saya, irin ta gidajen motsa jiki mai ba kanta wuta, bayan na hau ta na yi minti goma sha biyar ina saurare ko zan ji ƙara ko girgiza. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ban yarda da lissafin kuzarin da allonta ke cewa na ƙona ba, domin kintace ne. Ma'aunina shi ne in iya magana ina kai amma in kasa rera waƙa, wannan shi ne matsakaicin motsi. Na fara da minti goma, yanzu ina yin talatin, kwana biyar a mako. Ban daina shan magani ba, kuma ina jan kunnen mai karatu: duk mai ciwon zuciya, ko ciwon suga, ko mai jin zafi a ƙirji, ya ga likita kafin ya hau.

Abin da ban zata ba shi ne uwargidana ta fi ni amfana. Ita da maƙwabtanta biyu sun raba lokaci a kanta bayan yara sun tafi makaranta. Wannan ya sa nake ganin ƙungiyoyin ci gaban Yauri, Ngaski da Shanga, da masu hali a cikinmu, za su yi babban aiki in suka tanadi ɗaki ɗaya a unguwa domin mata, da na'ura biyu ko uku da mai kula da su. Abin da ya gagari gida ɗaya ba zai gagari gida ashirin ba.

Kwanan baya kawuna ya kawo mini ziyara, ya daɗe yana kallona ina ta zufa a kanta. Ya ce, "Ɗana, wannan jirgin naka ina yake kai ka?" Na ce, "Kawu, so nake ya kai ni shekarunka." Ya gyaɗa kai ya ce to in riƙe tuƙi, kada in mayar da shi wurin rataye riga. Lafiya uwar jiki. Allah Ya ba mu ita, Ya kuma ba mu ikon kiyaye ta.