Aikin Injiniyan Gyara a Gidajen Gurzar Auduga na Funtuwa da Malumfashi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana aikin injiniyan da ke kula da na'urorin gurzar auduga a ƙasashen Funtuwa da Malumfashi, da nuna cewa babban aikinsa rigakafi ne, wanda yake yi tun kafin inji ya tsaya. Kamfanin BCGA, wanda aka kafa a birnin Mancesta na Ingila a 1902, shi ne ya giggina gidajen gurza a waɗannan garuruwa biyu. Layin dogo na Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya ratsa Funtuwa, ya sauƙaƙa fitar da dilolin auduga.

2.0 Yadda Injin Gurza Yake Aiki

Injin ya samo asali daga na'urar da Eli Whitney ya ƙera a Amurka a 1793. Ya ƙunshi zartuna masu siffar faifai, a jere jikin sandar ƙarfe guda, suna juyawa tsakanin wasu ƙarafa masu kama da haƙarƙari. Haƙoran zarto kan fizgi auduga su wuce da ita ta ƴar tazarar da ke tsakanin ƙarafan, angurya kuwa ta kasa wucewa, sai ta zuba ƙasa. Daga nan buroshi ko iska mai ƙarfi ya kwashe audugar daga haƙoran, a tace ta, a matse ta dila-dila. Gurzajjiyar auduga ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin uku da ɗan wani abu na nauyin da manomi ya kawo ba, saboda haka kowace ɓarna a jikin inji babbar asara ce.

3.0 Aikin Damina

Auduga amfanin kaka ce, gurza kuma aikin rani ne. Da damina ta sauka, injuna suka yi shiru, lokacin ne injiniya yake yi musu garambawul. Yakan sa a kwance zartuna, a wasa waɗanda suka dakushe, a sauya waɗanda suka lanƙwashe. Yakan auna tazarar ƙarafan nan ɗaya bayan ɗaya, domin in ta yi faɗi angurya za ta farfashe ta shiga cikin auduga, in ta yi ƙunci kuma zarto zai riƙa gugar ƙarfe. Har wa yau yakan duba boris da bel, da man na'urar matse dila, ya kuma yi odar kayan gyara da wuri, tun da yake galibinsu daga ƙasashen waje ake kawo su.

4.0 Aikin Rani

Idan gurza ta kankama, abubuwa uku ne injiniya yake sa wa ido. Na farko, bushewa. Auduga ta fi gurzuwa in laimarta ta kai kimanin kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari, amma iskar hunturu kan busar da ita fiye da haka, sai silinta ya riƙa tsinkewa, darajarta ta faɗi a masaƙa. Na biyu, gobara. Tsakuwa ko guntun ƙarfe guda, in ya haɗu da haƙorin zarto, yana iya ba da tartsatsin da zai ɓuya cikin dila, ya yi kwanaki yana ci. Na uku, tsarkin iri. Anguryar da ake gurzawa ita ce irin shuka na baɗi, watau wajibi ne a share inji sarai kafin a zuba wani nau'i, don kada irin da masanan Samaru suka inganta ya gauraya da wani.

5.0 Kammalawa

Masaƙar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, wasu da dama kuma suka bi bayanta. Wannan ya rage kasuwar auduga, ya kuma sa masu gidajen gurza suna ƙyashin kashe kuɗi a kan injin da ke tsaye. Amma injin da ba a gyara shi da damina ba, tsakiyar rani yake tsayawa, lokacin da motoci suke jere a ƙofa, manomi yana jiran kuɗinsa. Bisa ga haka, muna ba da shawarar a riƙa ware kuɗin garambawul daga ribar kowane rani, a ajiye littafin tarihin kowane inji, a kuma haɗa matasan makanikai da tsofaffin ma'aikata, waɗanda kan gane ciwon inji daga jin ƙararsa.