Huda Ƙasa Don Ciyawa Ta Sha Iska

Manomin ƙasarmu abokin gaban ciyawa ne, kullum yana bin ta da fartanya. Amma a Ingila da Amurka mai gida ya kan shuka ta da gangan a farfajiyarsa, ya riƙa aske ta yana ba ta ruwa kamar lambu. Cikin hidimar da su ke yi mata akwai guda wadda ya kamata mu sani, watau huda ƙasa, gama cutar da su ke magani da ita tana nan a filin makaranta, da ƙofar fada, da bakin rijiyar kowane gari.

Ga asalin cutar. Ƙasa mai kyau wajen rabinta ƙananan kafofi ne, inda ruwa da iska su ke zama, saiwa kuwa numfashi ta ke yi kamar kowane mai rai. Kadan mutane da dabbobi suka yi ta tattaka wuri, sai kafofin nan su toshe, tun ba inci 2 ko 3 na sama ba. Ruwan sama ya sauko ya rasa hanyar shiga, ya kwanta ko ya gudu. Saiwa ta kasa nutsewa, ciyawa ta yi ja ta mutu, wuri ya zama faƙo. Mai wurin ya yi ta ɗora laifi kan ƙarancin ruwa, alhali kuwa ƙasar ce ta shaƙe.

Gane wannan ba wuya. Kwana guda bayan an yi ruwa, ku soka wuƙa a ƙasa. In ta ƙi shiga sai da ƙarfi, to, wurin yana bukatar huji.

Turawa su kan soka cebur mai haƙora huɗu, zurfin inci 4, su ɗan girgiza shi, su cire, su matsa gaba inci 5 ko 6. A nan dagi mai siririn baki ya isa. Amma ku lura, tsinin ƙarfe ture ƙasa ya ke yi gefe, a ƙasar laka har ya kan ƙara danne bangon ramin. Abin da ya fi shi ne bututun ƙarfe mai kaifin baki, faɗinsa kamar rabin inci, wanda ya ke fitowa da ƙasar kamar ɗan yatsa. Maƙerin gari yana iya ƙera shi, ya sa masa matakin ƙafa. Kada a kwashe 'yan curin da su ka fito, ruwa zai narkar da su.

Lokaci shi ne babban abu. A Ingila da kaka su ke yi, wajen Satumba. Mu namu sai damina ta zauna, cikin Yuni ko Yuli, sa'ad da kiri-kiri ya ke yaɗo da ƙarfi, domin ya rufe ramukan kafin wata ciyawar banza ta riga shi. Ƙasa ta kasance da danshi, ba caɓi ba. Wanda ya huda da rani, wahala kawai ya saya, ya kuma shanya saiwa a rana. Bayan huji a barbaɗa ruɓaɓɓen taki gauraye da rairayi, a share shi da tsintsiya ya faɗa ramuka. Ƙasar laka sau ɗaya a shekara, jigawa kuwa ba safai ta ke bukata ba.

Takin nan yana kiran ma'aikata na kyauta. Tun 1881 wani masani Bature, Charles Darwin, ya rubuta littafi kan yadda tana ta ke huda ƙasa. A busassun wurare gara ce ta ke wannan aiki. Manoman Illela ta ƙasar Tawa sun shaida haka: a 1989 waɗansunsu su ka je Yatenga a Burkina Faso su ka gano ramukan shuka, su ka dawo suna haƙa tassa a faƙo suna zuba taki. Gara ta bi takin ta rarake ƙasa, ruwa ya shiga, gero ya tsaya inda dā ko ƙaya ba ta fitowa.

Saura aikin dagatai da masu unguwa. Wurin da a ka huda a kewaye shi da ƙaya mako 3 ko 4, a fid da hanya guda ta mutane da awaki, a kuma gaya wa yara masu kiwo inda ta bi.