Wa Ke Riƙe da Makunnin?

Sana'ata tura finafinai ce a waya. Ina da ɗan shago a bakin titin Jalingo zuwa Wukari, a nan Mutum Biyu, hedikwatar ƙaramar hukumar Gassol, kuma cinikina ya fi tafiya a kan fassarar Indiya-Hausa da shirye-shiryen Kannywood masu dogon zango. Amma akwai wani rukuni da samari ke kira "fim ɗin ƙarshen duniya", wato wanda ke hasko wani zamani mai zuwa, kimiyya ta kai ƙololuwa, talaka kuma ya shiga uku. Su faɗa da tseren motoci ke jan su. Ni da nake kallo kafin in tura, na lura kusan dukkan finafinan nan tambaya ɗaya suke yi: abin da mutane ba sa rayuwa sai da shi, wa ke da ikon kunna shi da kashe shi?

Tambayar tsohuwa ce. Tun 1927 Fritz Lang ya yi Metropolis, inda attajirai ke hutawa a saman benaye, leburori na juya musu injuna a ƙarƙashin ƙasa. A Mad Max: Fury Road na 2015, wani azzalumi ya mallake ruwan sahara, ya buɗe famfo na ɗan lokaci, jama'a su yi turmutsitsi da ƙwarya da tasa, sannan ya rufe. A fim ɗin 1984, wanda aka ɗauko daga littafin George Orwell na 1949, abin da gwamnati ta riƙe shi ne bakin mutane da tarihinsu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne In Time na 2011. A cikinsa lokaci ne kuɗi. Kowa na da agogo a damtsensa, da shi yake biyan haya da kuɗin mota, ranar da ya ƙare kuwa sai mutum ya faɗi matacce. Ban ɗauke shi da nauyi ba sai farkon 2023. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairu, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin kuɗi suka koma banki, sababbi suka ƙi fitowa. A kasuwarmu na ga manomi da doyarsa da buhunan masararsa, ba mai saye da tsaba. Mai tsabar shi ke yanka farashi, manomi ya karɓa don dole. Masu POS suka koma sayar da naira da naira. Wanda ya yarda da tiransifa kuma sai ya ɗaga waya sama yana jiran alat har rana ta faɗi. Dukiyar mutum tana nan, ba wanda ya sace ta, amma wata takarda da aka sa wa hannu a Abuja ta hana shi taɓa ta.

Haka zancen layin waya. A Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, a Afrilun 2022 aka toshe kira a kan layuka fiye da miliyan 70. A Satumbar 2021 aka kashe sabis a jihar Zamfara baki ɗaya, sannan a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. 'Yan kasuwar da ke zuwa mana sarin hatsi daga can sun sha ba mu labarin yadda mutum ke hawa mota zuwa wata jiha don kawai ya gaida mahaifiyarsa a waya. Kafin nan, a watan Yunin shekarar, an dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Buhari, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. Maƙwabtanmu na Nijar ma an ɗauke musu intanet na waya kusan kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021.

Adalci shi ne a faɗi cewa kowane mataki ya zo da dalilinsa: 'yan bindiga, kuɗin fansa, sayen ƙuri'a. Mu a Taraba mun san garkuwa da mutane ba tatsuniya ba ce. Sai dai a finafinan nan ma ba shugaban da ke cewa zalunci ya zo yi. Kowanne da sunan tsaro yake farawa. Minority Report na 2002 gaba ɗayansa a kan haka yake: 'yan sanda na kama mutum kafin ya aikata laifi, kisan kai ya ragu ƙwarai, jama'a suna murna, har ranar da tsarin da ke hasko musu masu laifi ya nuna babban jami'insu.

Masu mulki kansu sun san fim ba wasa ba ne. A 2009, da District 9 na Afirka ta Kudu ya nuna 'yan Nijeriya a matsayin 'yan daba masu cin naman mutane, ministar yaɗa labarai Dora Akunyili ta nemi gidajen sinima su daina nuna shi. A Tailan, bayan juyin mulkin 2014, matasa sun ari ɗaga yatsu uku daga The Hunger Games, har aka riƙa kama masu yi. A 2021 alamar ta sake bayyana a Myanmar.

Inda nake rabuwa da finafinan shi ne ƙarshensu. Galibi jarumi ɗaya ne ke ɗaukar bindiga ya rushe fadar azzalumi, samarina su yi tafi. A zahiri abin da ya sassauta mana wahalar naira ƙara ce da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka shigar, Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Dakatar da Twitter kuma kotun ECOWAS ce ta ce ya saɓa doka, a Yulin 2022. Lauyoyi ne da takardu da zaman jira, abin da ba zai sayu a shagona ba.

Don haka shawarata ga 'yan'uwana matasa ita ce, idan ɗan takarar majalisa ya sauka a Mutum Biyu da atamfa da taliya, bayan zancen gada da taki a ƙara masa da wannan: in an tashi rufe mana layi ko kuɗi gobe, wa za a nemi izininsa, kwana nawa za a ɗauka, kuma wa zai biya manomin da doyarsa ta ruɓe? Wanda ya kasa amsawa, bai san aikin da yake nema ba.