Maganin barin tiramol ba musayar ƙwaya da ƙwaya ba ne

Da zarar an ce likita na iya ba mai shan tiramol ko kodin magani don ya daina, sai ka ji wani a majalisa ya ce ai an karɓe masa ƙwaya ne an miƙa masa wata. Wannan fahimta tana damuna, domin rayuka take ci.

Gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018. Hanin ya rage kwalba a kasuwa, amma bai warkar da wanda jikinsa ya riga ya saba ba. Matashin da ya fara haɗiyar tiramol a Gwiwa ko Roni a jihar Jigawa don ya jure wahalar noma, ranar da bai samu ba sai amai da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci su taso masa. Ƙwaƙwalwarsa ce ta sauya, ba taurin kai ba ne kawai.

A nan magungunan methadone da buprenorphine suke aiki. Suna zama a gurbin da ƙwayar ke kamawa a ƙwaƙwalwa, a hankali, bisa awon likita, sai ƙishirwar ta lafa ba tare da buguwa ba. Mutum ya iya zuwa gona, ya yi salla cikin hayyacinsa. Kamar mai hawan jini ne da ke shan maganinsa kullum: ba wanda ke ce masa ɗan ƙwaya. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan nan biyu cikin jerin muhimman magunguna.

Mu kuwa gidan mari muka sani, duk da cin zarafin da aka bankaɗo a irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura a 2019. Wanda aka ɗaure wata uku juriyar jikinsa ta ragu. In ya fito ya sha adadin da ya saba, numfashinsa na iya tsayawa.

Akwai asibitin masu taɓin hankali a Kazaure, amma maganin da ake sha kullum ba ya yiwuwa da kuɗin mota kullum. Ya kamata hukumomin lafiya na Jigawa su horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi, su kawo kulawar kusa da gida, su kuma ajiye naloxone mai farfaɗo da wanda ƙwaya ta danne wa numfashi. Iyaye, ku fara kai yaranku wurin likita kafin ku nemi mari.