Tsatsa a Bakin Ruwa: Yadda Ake Sake Matashin Jirgi a Mafita

Mai sauraro zai iya tambaya, ina ruwan mutumin Kabo da zancen jirgi? To, tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, daga 1967 zuwa 1975, Jihar Kano ta shiga datse koguna, har yankin Gwarzo da Kabo ya sami nasa rabo, irin su madatsar Guzuguzu. A 1992 kuma aka gama madatsar Challawa a Ƙaraye, maƙwabciyarmu. Inda ruwa ya kwanta kuwa, masunta da 'yan fito ba su rasa zuwa.

Abin da nake kira matashin jirgi shi ne robar da ake ratayawa a jikin mafita don ta tare bugun jirgi. A Apapa ƙera ta ake yi musamman. A nan wajenmu tsohuwar tayar mota ce da sarƙa. Aikinta ba ƙarami ba ne, gama idan saurin jirgi ya ninka biyu, ƙarfin bugunsa ninkawa huɗu yake yi.

Sau da yawa ba robar ce ke fara mutuwa ba, ƙarfen da ke riƙe da ita ne. Tsatsa tana bukatar ruwa da iska a tare, saboda haka ta fi cin wurin da yake jiƙewa yana bushewa. Madatsunmu kuwa suna cika da damina, su janye da rani, watau kowace shekara sarƙar sai ta sha wannan hali. Tsatsar kuma ta fi ƙarfen asali girma, tana kumbura har ta fasa kankaren da aka dasa ƙusa a ciki. Wannan shi ne abin da mai duba aiki ya kan tsallake, ya ga taya lafiya ya sa hannu a takarda.

Lokacin gyara shi ne Afrilu zuwa Mayu, sa'ad da ruwa ya yi ƙasa. A cire matasan ɗaya bayan ɗaya, kada a bar mafita tsirara. A ƙwanƙwasa kankare da guduma. Inda ya yi amon fanko a fasa a sake zubawa. Sarƙa da ƙusa da noti su zama masu rufin tutiya duka, domin idan ƙarfe iri biyu suka haɗu cikin laima, ɗaya yana cin ɗaya. Sa'an nan a huda gindin kowace taya, don kada ruwan sama ya kwanta a ciki sauro ya yi ƙwai.